Yadda za a ƙarfafa dashe kafin a fitar da shi fili

'Yan'uwa mazauna sansani, da yawa cikinmu muna rainon tumatir da tattasai da attarugu a gwangwani ko leda a cikin ɗaki, saboda tsoron awaki da kaji. Dabara ce mai kyau. Sai dai ranar da aka kai dashen lambu, kafin azahar ya kwanta, washegari ya mutu. Ga iri ya tafi, ga ruwan da aka sha layi kafin a samu ya tafi.

Dalilin shi ne, a ɗaki haske kaɗan ne kuma iska ba ta kaɗawa. Tsiro yana miƙewa neman haske, sai ya yi tsawo, siriri, ba ƙwari. Shi kuwa kara, motsi ne ke sa shi kauri. Idan ana girgiza shi, yakan rage tsawo ya ƙara jiki. Don haka aikin da iska ba ta yi ba, mu za mu yi.

Idan tsiron ya kai tsawon yatsa, a riƙa shafa kansa da tafin hannu ko guntun kwali, gaba da baya, kamar sau 10 zuwa 20, safe da yamma. A hankali, ya rusuna ya tashi kawai. Kada a shafa ganye yana jiƙe. Mai shan taba ya wanke hannu da sabulu tukuna, don akwai cutar da ke bin hannu daga taba ta kama tumatir. Tattasai da attarugu ba sa jure shafa kamar tumatir. Su a fifita su da mafici ya fi. Wannan aiki yara ma za su iya, in an nuna musu sau ɗaya.

A ajiye gwangwanin kusa da ƙofa, a riƙa juya shi kullum don kada ya karkata gefe guda. In sun fito cunkus, a cire raunana, ko da da ciwo. Kada a sa takin zamani da yawa, tsawon banza yake ƙarawa.

Saura kwana 7 zuwa 10 a dasa, a fara fitar da su. Ranar farko awa ɗaya ko biyu da safe, a inuwa, a bayan zana inda iska ba ta bugawa kai tsaye, musamman da hunturu. Kullum a ƙara lokaci, a ƙara rana. A ɗan rage ban ruwa, amma kada a bari su yi yaushi. Kwana biyun ƙarshe su kwana a waje, a kife musu kwando.

A dasa bayan la'asar, a ba da ruwa nan take. Tumatir da ya riga ya yi tsawo, a binne karansa har kusa da ganyen farko, zai fitar da sabuwar saiwa a jikin karan. Tattasai kuwa a dasa shi daidai zurfin da yake a gwangwani.