Leƙen Makulli: Rige-rigen da Ba Ya Ɓarna a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar zamani takan gudanar da ayyuka masu yawa a lokaci guda, kuma dukkansu ma'adanar bayanai ɗaya suke amfani da ita. Idan ayyuka biyu suka faɗa wa gurbi ɗaya tare, wannan na rubutu wancan na karantawa, an sami abin da masana ke kira rige-rige. Illarsa ba ƙarama ba ce. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, har wasunsu suka rasu. Rige-rige na cikin musabbabin wannan masifa.

Maganin da aka samo shi ne makulli, wato ƙa'idar da ke hana aiki na biyu shiga sai na farko ya fito. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana hanyar yin haka a 1965.

To, amma ba kowane rige-rige ne ke ɓarna ba. Alal misali, a ɗauki rijiya mai guga ɗaya. Mai jira yakan hango ko gugan na hannun wani. Ko da idonsa ya yaudare shi, babu asara, domin sai ya kama igiya da hannu sannan zai ja ruwa. Haka aikin da ke jiran makulli yake leƙensa ba tare da izini ba. Leƙen shawara ce kurum. Kamun ne hukunci, kuma shi a taki ɗaya ake yin sa, babu mai iya kutsawa tsakani.

Sai dai akwai tarko. Manhajar da ke fassara rubutun injiniya zuwa harshen na'ura tana son gaggawa, don haka tana iya leƙawa sau ɗaya ta riƙe amsar. Nan sai aikin ya yi ta jiran makullin da tuni aka saki. Shi ya sa masu gina tsarin Linux ke yi wa irin wannan leƙe alamar READ_ONCE, wadda ke tilasta sabon dubawa kowane karo.

A 2020 aka shigar da KCSAN cikin Linux, wata manhaja mai farautar rige-rige. Wanda aka yi da gangan akan sa masa alama don ta ƙyale shi, ta ƙwalla kira a kan wanda aka yi bisa kuskure. Kafin injiniya ya sa alamar kuwa, wajibi ne ya tabbatar cewa amsar da ta tsufa ba za ta jawo ɓarna ba.