Masu Jirgin Ruwa Da Bikin Kanifal A Tirinidad

Jama'a, yau za mu ƙetare teku, mu ga yadda waɗansu abokai ke tafiya cikin ƙaramin jirgin ruwa wata da watanni, har su kai wani tsibiri da a ke kira Tirinidad, su tarad da babban bikin mutanen wurin. Sunan bikin Kanifal.

Tirinidad tana yamma da mu, a ɗaya gefen Tekun Atlantika, dab da gaɓar Amurka ta Kudu. Tsakaninta da ƙasar Benezuwela bai fi mil 7 ba. Babban birninta shi ne Port of Spain.

Irin jirgin da mu ke magana bai fi ɗaki biyu tsawo ba. Iska ce ke tura shi. A kan kafa doguwar sanda a tsakiyarsa, a ɗaura mata zane mai kauri. In iska ta buga zanen, sai jirgi ya tafi. Mutum huɗu ko biyar sun isa su bi da shi.

To, wace iska ce wannan? Mun san ta sarai. Ita ce iskar hunturu da ke zuwa mana daga arewa maso gabas, ta kawo hazo. Ba ta tsayawa a ƙasarmu. Ta kan wuce ta bi ta kan teku, ta nufi yamma. Ita masu jirgi ke bi.

Amma ba ko yaushe a ke tashi ba. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba lokacin manyan guguwoyi ne a wancan teku, masu farfasa jirage. Saboda haka mai hankali ya kan jira ƙarshen Nuwamba. Tun daga 1986 jirage su kan taru a Las Palmas, cikin tsibiran Kanari, su tashi rana ɗaya, tun daga 1990 kuwa tsibirin Sent Lusiya su kan nufa. Tafiyar ta kai mil 2,700 na teku, watau wajen kilomita 5,000. Ta kan ci mako uku, ko ƙasa da haka kaɗan.

Cikin waɗannan kwanaki ba kasuwa, ba rijiya, ba asibiti. Ruwan teku kuwa gishiri ne, ba ya shawuwa. Don haka a kan auna ruwan sha da guzuri tun kafin a tashi. Da dare a kan yi gadi bi da bi, wani na barci, wani na duban hanya. Wanda ya yi gyangyaɗi a kan gadinsa ya sa ran 'yan'uwansa cikin haɗari. A nan a ke gane abokin tafiya na ƙwarai.

In sun ƙetare, sai su bi tsibirai ɗaya bayan ɗaya suna yin kudu. Daga Giranada zuwa Tirinidad tafiyar dare guda ce. Su kan tsaya a mashigin Chaguaramas, su ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, alamar baƙi ne. Sa'an nan shugaban jirgi ya kai fasfo da takardun jirgi wurin ma'aikatan kwastan. Sai an buga musu hatimi za su shiga gari.

Yanzu mu dubi bikin kansa. Kirista na da azumi na kwana 40 kafin Ista, wanda a ke farawa ran Laraba. Litinin da Talatar da ke gabansa su ne ranakun Kanifal. Bikin ya kan faɗo cikin Fabrairu ko Maris.

Ga asalinsa. A 1783 Sarkin Sifen ya ba Faransawa izini su zauna a tsibirin. Suka zo da bayinsu, suka buɗe gonakin rake. Kafin azumi su kan yi raye-raye a gidajensu, suna rufe fuska. Bayi kuwa, waɗanda aka kwaso kakanninsu ko su kansu daga Afirka, ba a barinsu su shiga. Ingilishi suka karɓi tsibirin a 1797. Da bayi suka sami cikakken 'yanci a 1838, sai suka fito da bikin kan titi, da ganguna, da waƙoƙi, da wasan sanda, da wuta a hannu. Wutar nan tunawa ce da yadda a ke tashinsu cikin dare in gonar rake ta kama wuta.

Hukuma ba ta so haka ba. A 1881 'yan sanda suka yi niyyar hana fitowar, aka yi babban faɗa a Port of Spain. A 1884 aka kafa doka ta hana kiɗan ganga a titi. Mutane ba su fid da rai ba. Suka sari gora, dogo da gajere, suna buga shi a ƙasa. Daga baya samarin unguwannin talakawa, irin su Laventille, suka koma bugun gwangwani da ƙarafa. Ƙasar kuwa tana da man fetur, gangunan mai ga su nan birjik. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu waɗansu samari, cikinsu har da Winston Simon da Ellie Mannette, suka gano yadda za a sa gangar mai ta yi waƙa.

Ga yadda a ke yi. A kan doki gindin gangar da guduma har ya lotsa kamar kwano. A rarraba shi gida gida, ko wane gida da muryarsa. A gasa a wuta, a sake gyara muryoyin. In an yanke gangar gajeriya, murya ta kan yi siriri. In an bar ta da tsawo, ta yi kauri. Da 'yan sanduna masu kan roba a ke kaɗawa. Tun 1963 a ke gasar makaɗan nan, ƙungiya ɗaya ta kan kai mutum 100.

Baƙin da suka zo da jirgi su kan bar shi a ɗaure, su shiga mota zuwa birni. Ran Asabar yara ke fitowa da adonsu. Ran Litinin tun kafin asuba, wajen ƙarfe 4, a ke buɗe biki. Mutane su kan shafe jiki da laka ko fenti, har ba a gane mai kuɗi da talaka. Ran Talata ce ranar ado. Ƙungiya ƙungiya a ke wucewa, kamar yadda hakimai ke wucewa da jama'arsu ran hawan Salla, har a kai babban filin da a ke kira Queen's Park Savannah, inda alƙalai ke zaune. Akwai masu tafiya a kan dogayen sanduna, sun fi katanga tsawo, wasan da asalinsa daga Afirka ta Yamma ne. Akwai kuma masu shigar ma'aikatan jirgin ruwa, da farin kaya da hula, suna tangaɗi kamar jirgi na rawa da su. Baƙon da ya kwana 20 a teku ya kan yi dariya in ya ga ana kwaikwayonsa.

Abokan kirki ba su rabuwa cikin taro. Su kan sa wurin haɗuwa tun da wuri, su bar fasfo da kuɗi mai yawa a jirgi, su riƙe ruwan sha saboda rana. Ƙarfe 12 na daren Talata kiɗa ya kan tsaya cik, gari ya yi tsit.

Bikin ba ya rasa cikas. A 1972 an ɗaga shi zuwa watan Mayu saboda cutar shan inna. A 2021 ba a yi shi ba saboda annobar korona.

Mu lura da abu guda, jama'a. Mai wannan tafiya dole ya iya duba kalanda ya san watan guguwa da ranar biki. Dole ya karanta taswira, ya lissafa ruwan sha, ya cika takardar kwastan da hannunsa. Mu ma da mu ke zuwa aji da yamma, ko tafiyarmu ba ta wuce Ikko ko Makka ba, buƙatarmu ke nan. Mu dage da karatu. Allah ya ba mu sa'a.