Magungunan Kwaikwayon Dofamin: Sauƙin Karkarwa da Sauyin Hali

Cutar Parkinson, wadda ta ci sunan likitan Ingila James Parkinson da ya bayyana ta a rubuce a 1817, tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, wato sinadarin da ke kai saƙon motsi tsakanin jijiyoyi, suka riƙa mutuwa sannu a hankali, har hannu ya kama karkarwa alhali mutum yana zaune, gaɓoɓi su sandare, rubutu ma ya ƙanƙance. Tun ƙarshen shekarun 1960 lebodofa ne babban maganinta, domin jiki yana mayar da shi dofamin, sai dai bayan shekaru ana sha yakan jawo murɗe-murɗen gaɓoɓi da majinyaci ba ya iya tsayarwa.

Wannan ne ya sa ake yawan fara wa masu ƙarancin shekaru da magungunan kwaikwayon dofamin, waɗanda ke zama a gurbin sinadarin su yi aikinsa kai tsaye. Daga cikinsu akwai firamifekzol da rofinirol, da Amurka ta amince da su a 1997, da rotigotin da ake mannawa a fata. Ana ba da su kuma ga ciwon rashin natsuwar ƙafa da dare, ko da yake a can daɗewa ana sha kan tsananta ciwon.

Inda gizo ke saƙar shi ne dofamin yana da hannu a sha'awa da kwaɗayi. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan majinyata sama da 3,000 a Amurka da Kanada ya gano cewa kusan kashi 17 cikin ɗari na masu shan waɗannan magunguna sun kasa riƙe kansu wajen caca, ko sayayya, ko ci, ko jima'i, alhali a cikin waɗanda ba sa sha abin bai wuce kashi 7 ba. Dattijon da bai taɓa caca ba sai ya ƙarar da kuɗin fanshonsa a waya, kunya kuma ta hana shi faɗa, iyali su ɗauka lalacewa ce ta zo masa da tsufa. Wasu kuma barci kan sace su suna tuƙi.

Tsayar da maganin farat ɗaya yana jawo fargaba da ƙuncin rai, don haka a hankali likita ke rage shi. Wajibi ne a sanar da majinyaci da iyalinsa wannan haɗari tun ranar da aka rubuta maganin.