Yadda waƙoƙin gargajiya suka farfaɗo a Amurka har suka tsone wa hukuma ido

A ranar 18 ga watan Agustan 1955, wani mawaƙi mai suna Pete Seeger ya gurfana gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka da ke farautar ƴan kwaminisanci. Ba makami aka kama shi da shi ba. Abin da kwamitin yake son ji shi ne tarurrukan da ya yi wa waƙa da mutanen da yake hulɗa da su. Seeger ya ƙi amsa tambayoyin. To me ya sa gwamnati mai ƙarfi irin ta Amurka za ta damu da mutumin da ba ya riƙe da komai sai abin kiɗa?

Amsar tana cikin asalin waƙoƙin da yake rerawa. A shekarar 1933, John Lomax da ɗansa Alan suka zagaya kudancin ƙasar da na'urar naɗar murya, suna tattara wa babban ɗakin karatu na majalisar dokoki waƙoƙin manoma da leburori da fursunoni. A wani gidan yari na jihar Louisiana suka gamu da Lead Belly, baƙar fata wanda ya haddace ɗimbin tsofaffin waƙoƙi. A wannan zamani ne kuma fari da guguwar ƙura suka kori manoman jihar Oklahoma daga gonakinsu, Woody Guthrie ya riƙa waƙe wahalar da suka sha a hanyar ci-rani zuwa California.

Masu ra'ayin gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago suka ga alfanun waɗannan waƙoƙi: karinsu mai sauƙi ne, amshinsu kowa zai iya, kuma ba sa bukatar tarin makaɗa. Seeger da Guthrie suka riƙa rera su a tarurrukan ma'aikata. Shi kansa banjo, abin kiɗan da Seeger ya yi suna da shi, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi bisa tsarin kayan kiɗan tsirkiya na yammacin nahiyar, dangin su gurmi da molo.

A 1950, rukunin mawaƙan Weavers, wanda Seeger yake ciki, ya sake rera wata waƙar Lead Belly, ta shafe makonni 13 tana kan gaba a kasuwar faifai. Sai dai a wannan shekarar ce sunan Seeger ya fito a wani kundi na mutanen da ake zargi da kwaminisanci. Gidajen rediyo da talabijin suka juya musu baya. A 1961 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara guda saboda raina majalisa, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1962.

An ce in hagu ta ƙiya, a koma dama. Da manyan kafofi suka rufe masa ƙofa, sai Seeger ya koma makarantu da jami'o'i da sansanonin hutun yara, yana koya wa matasa waƙa baki da baki. Cikin irin waɗannan matasa ne aka sami masu sauraro da mawaƙan da suka cika bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, wanda aka fara a 1959. Ana iya hana sanya faifai a rediyo, amma waƙar da ta riga ta zauna a bakin jama'a ba ta da tashar da za a rufe.

Gwagwarmayar neman ƴancin baƙar fata ce ta fi nuna hakan. Wata tsohuwar waƙar coci, wadda ma'aikatan kamfanin taba suka rera lokacin yajin aikinsu a Charleston a 1945, ta bi ta makarantar Highlander da ke Tennessee har ta zama taken masu zanga-zanga, suna rera ta a kan titi da cikin kurkuku. A ranar 28 ga watan Agustan 1963, mutane kusan 250,000 suka taru a Washington, inda Odetta da Joan Baez da Bob Dylan suka yi waƙa a ranar da Martin Luther King ya gabatar da shahararren jawabinsa.

Tafiyar ba ta rasa saɓani ba. Wasu mawaƙa sun guje wa siyasa don kada kasuwarsu ta mutu. Da Dylan ya hau dandalin Newport da gitar lantarki a 1965 kuwa, wasu ƴan kallo suka yi masa ihu, suna ganin ya yi watsi da gwagwarmaya.

Seeger ya yi tsawon rai har ya ga al'amura sun juya. A watan Janairun 2009, yana da shekara 89, mutumin da aka taɓa yanke wa ɗauri saboda raina majalisa ya tsaya a Washington yana jagorantar dubban mutane wajen rera wata waƙar Guthrie, a shagalin da aka shirya don rantsar da Barack Obama.