Bonsai: Fasahar Renon Itace a Cikin Kasko

Bonsai kalma ce ta Japananci wadda ta ƙunshi sassa biyu: "bon", wato faranti ko kasko marar zurfi, da "sai", wato dasawa. Japanawa sun samo wannan fasaha daga ƙasar Sin, suka raya ta.

Mutane da yawa suna zaton irin itacen ne wada. Ba haka abin yake ba, domin in aka dasa shi a fili zai girma kamar 'yan'uwansa. Da dabara ake tauye shi: a datse rassa, a ciro shi daga kasko bayan 'yan shekaru a rage saiwoyi, sannan a naɗa wa reshe wayar jan ƙarfe a lanƙwasa shi. Wajibi ne a kwance wayar kafin ta ci ɓawo, saboda tabonta yakan daɗe bai ɓace ba.

Aiki irin wannan ba ya koyuwa a littafi kaɗai. Shi ya sa masu sha'awarsa sukan kafa ƙungiyoyi, kowa ya zo da itacensa, ƙwararru su duba su gyara wa sababbin shiga. A 1934 aka fara baje kolin Kokufu a Tokiyo. Wani itacen ma yakan ga jikokin wanda ya dasa shi: na iyalin Yamaki, da ake reno tun 1625, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka kai shi Amurka kyauta a 1976.