Kano zuwa Abuja a Jirgin Sama: Ina Sauran Mintocin Suke Tafiya?

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai tazarar kilomita kusan 365, idan aka ja layi miƙaƙƙe ta sararin sama. Jirgi irin Boeing 737 kuwa, in ya daidaita a can sama, yana gudun sama da kilomita 800 a awa ɗaya. Ɗan makaranta ma zai iya yin lissafin: tafiyar ba ta kai ta rabin awa ba. To, me ya sa ake rubuta kusan awa ɗaya a jikin tikiti?

Kamfanonin jirage ba daga tashi suke fara ƙirga ba. Agogonsu na soma bugawa ne tun daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ba ya tsayawa sai jirgin ya kafe a mazauninsa a ɗaya filin. Gangarawa zuwa bakin titin tashi, jiran izini daga hasumiya, bin layi bayan wasu jirage, duk a cikin awar nan suke.

Ko bayan ya ɗaga, matuƙi ba ya sakin gudu nan take. A ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta taƙaita gudun zuwa kimanin kilomita 460 a awa, kuma haka zai sake ragewa idan ya zo sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, jirgi na gama hawa ke nan sai a fara shirin gangarowa. Shi ya sa da ƙyar ma'aikatan ciki ke gama raba ruwa da biskit. Ga shi kuma ba kai-tsaye yake dosar gari ba. Jirgi na tashi da sauka ne yana fuskantar iska, don haka sau da yawa sai ya yi kwana ya zagayo kafin ya saitu da titin.

Kwatanta da Legas zai fito da abin fili. Daga Kano zuwa can kilomita kusan 830 ne, ya haura ninki biyu na Abuja, amma tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko da ɗoriya kaɗan.

Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar hunturu ta lulluɓe Kano har matuƙi ba ya iya hango titi, tafiyar awa ɗaya takan koma zaman wuni guda a ɗakin jira, wani lokaci ma a soke ta ɗungurungum.

Wanda ke da taro a Abuja yana da wani lissafin daban. Filin Kano a cikin gari yake, kusa da Sabon Gari, amma na Abuja na nesa da tsakiyar birni da kilomita kusan 40, ga cunkoson Lugbe da safe. A haɗa da zuwa fili da wuri don tantance kaya, sai awa ɗayan ta zama uku ko fiye. Matafiya sun ɗanɗana mafi tsananin wannan a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titinsa: jirage suka koma sauka a Kaduna, fasinjoji na ƙarasawa a mota ko jirgin ƙasa.