Mota, Babur ko Amalanke?

Darasinmu na yau a kan tafiya ne.

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka. Hanyar kwalta ta taso daga Takeita, ta bi ta Kance da Matamaye, ta iso nan. In ka ƙetare iyaka sai Kwangwalam, sai Mai'aduwa mai kasuwar Lahadi, sai Daura. Tafiya ce gajera, amma tana son lissafi. Kafin ka fita gida, yi wa kanka tambaya huɗu.

Ta farko: me na ɗauko? Rake da buhunan gero kayan amalanke ne, in wurin kusa ne. In da nisa, sai mota. Babur na mutum ne da ɗan ƙunshinsa.

Ta biyu: yaushe nake son isa? Motar tasha ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kabu-kabu kuwa da ka hau sai tafiya.

Ta uku: nawa zan kashe? Ga misali. A ce mota dala 100 ce, babur dala 200. Mai kwandon tumatir ya jira mota har rana ta take. Ya tarar kasuwa ta fara watsewa, ya karyar da kaya, ya yi asarar dala 300. Ya tsimi 100, ya rasa 300. Araha ba ta ado. Kuma kuɗin mota yana bin kuɗin mai. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, tafiya ta yi tsada. Saboda haka tambayi kuɗi tun kafin ka hau.

Ta huɗu ita ce babba: zan isa lafiya? Kada a hau babur mutum uku. A sa hular kwano. Mace mai naƙuda da tsoho marar lafiya a nema musu mota, ko da an yi karo-karo. Kuɗi ana samun wasu, rai ɗaya ne.

Mai ƙetare iyaka ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Ya kuma saurari rediyo, gama an rufe iyakar nan a 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Aikin gida: rubuta garin da kake zuwa kasuwa, da kuɗin mota, da na babur. Ka debe ƙarami daga babba, ka nuna wa malam.

Sai mako mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya.